A Riƙa Tunawa da André Messager

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan André Messager, Bafaranshen da aka haifa a garin Montluçon a 1853, ya rasu a Paris a 1929. Idan ana maganar wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi cikin waƙa da kiɗa, yawanci wanda ya tsara kiɗan ne ke shan yabo, a manta da jagoran da ke tsaye gaban makaɗa da siririn sanda a hannu, yana nuna wa kowa inda zai shiga da inda zai sassauta.

Messager ya haɗa ayyukan biyu. Shi ya tsara kiɗan wasan Véronique a 1898, amma a ganina babban aikinsa shi ne na 1902, lokacin da ya jagoranci makaɗa a nunin farko na Pelléas et Mélisande, wasan da Bafaranshe Claude Debussy ya tsara kiɗansa, wanda salonsa ya zo wa masu sauraro baƙo har wasu suka yi masa ba'a. Messager ne ya tsaya kai da fata har aka nuna shi. Daga 1908 zuwa 1914 kuma yana cikin shugabannin gidan opera na Paris.

Ina fata shafinku na al'adu zai kawo mana cikakken tarihinsa.

Naka,
Mai karatu daga Damagaram