Zuwa Ga Ministan Ilimi Na Ghana: A Koya Wa Ɗaliban Injiniya Zama Da Mutane

Ranka ya daɗe, Alhaji Haruna Iddrisu,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran wutar mota ne a Suame Magazine, unguwar garejojin gyaran mota, mazaunin Aboabo a Kumasi. Duk dogon hutu ana turo mana ɗaliban injiniya su san makamar aiki. A kansu nake rubuto maka.

Tun da dokar 2016 ta mai da folitaknik jami'o'in fasaha, yaran nan na zuwa da karatu mai nauyi, kuma ban raina shi ba. Ka miƙa wa ɗalibi zanen wayoyin mota, zai karanta shi fiye da yarona da ya shekara a gareji. Amma bari direban torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, ya shigo ransa a ɓace, mota ta mutu masa a hanyar Kejetia, ga balas na jiransa da dare. Sai ɗalibi ya tsaya hannu a aljihu, ko gaisuwa babu, ya hau zuba masa Turanci. Direba kuwa so yake a ce masa da Twi ko da Hausa: abu kaza ne ya ƙone, sabo kuɗinsa kaza, na hannu kaza, dawo bayan la'asar. Na ga wanda ya miƙa wa dattijo canji da hagu, abin da Ba'ashante da Bahaushe duk suke ɗauka raini ne.

Ba laifinsu ba ne. Rubuta kuɗin aiki a takarda, gaya wa mai mota gaskiyar kayan da aka sa masa, cire kan batir kafin a taɓa waya, duk sai an koya wa mutum. Yanzu kuwa littafin rahoton aikinsu kawai suke kawo min in sa hannu, malamin da zai duba su wani lokaci ko ƙeyarsa ba ma gani.

A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikin Suame, malamai suka sauko wurin masu sana'a. Roƙona ka sa hukumomin GTEC mai kula da manyan makarantu da CTVET mai kula da koyon sana'a su dawo da irin wannan. A sa mu'amala da masu kawo aiki cikin manhaja, da maki nata. A gayyaci mastocin gareji aji su yi magana, a biya su. Sannan kafin a ba ɗalibi sakamakon zamansa wurinmu, a zo a tambayi wanda ya yini da shi a ƙarƙashin mota.

Wassalam,
Mai gyaran wutar mota, Aboabo