Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa kan wurin koyon dambe ga 'yan mata masu naƙasa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Lamido, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu iyaye mata ne daga unguwar Yelwa da maƙwabtanta. Cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda shan inna ya taɓa, akwai kurame, akwai masu raunin gani, akwai masu jinkirin fahimta. Kukanmu ɗaya ne: muna roƙon wuri mai katanga da inuwa inda za su koyi damben zamani a hannun mace.

Mun san za a ce dambe na mahauta ne da samari. Ranka ya daɗe, ba fage muke nema ba, ba kuma kiɗan kalangu ba. Buhun yashi ne da safar hannu, yarinya ta daki buhu har ta yi gumi. Wadda ke kan keken guragu kafaɗunta ne ƙafafunta, in sun yi ƙarfi ta kai kanta makaranta ba sai an tura ta ba. Kurma kuwa, in wani ya tare ta a lungu, ba ta iya kiran agaji yadda za a gane. Wannan ne ke hana mu barci. Yarinyar da ta san yadda za ta kare fuskarta, ta ture hannun mugu, ko tafiyarta daban take.

Mun gwada wani wurin motsa jiki a cikin gari. Matakala ta tsayar da mu tun a ƙofa, ciki kuma maza ne zalla. Muka juyo da yaran suna kuka.

Dambe ba baƙo ba ne a Kamaru. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu, ta azurfa, Joseph Bessala ne ya ciwo ta da dambe a Meziko a 1968. Mata sun shiga damben Olamfik tun 2012 a Landan. Dokar ƙasa ta 13 ga Afrilu 2010 ma ta tanadi kare haƙƙin masu naƙasa. Ga filin Rumde Ajiya an gyara shi har ya karɓi gasar cin kofin Afirka a 2022, mu ɗan tsakar gida kawai muke roƙo.

Muna so ƙofar ta zama mai gangare don keke, a yi rumfa saboda zafin Maris da Afrilu, a riƙa ɗaga tuta maimakon kaɗa ƙararrawa don kurame. Yaran za su zo cikin suturarsu ta mutunci, ba namiji ko ɗaya a ciki. Buhuna da safar hannu mu za mu saya da kuɗin adashinmu.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne bakin mutane. In Lamido ya kira limamai da masu unguwanni ya sa albarka, iyaye maza za su bar 'ya'yansu su fito. Muna roƙon a ba mu rana mu zo fada da yaran, Lamido ya gan su da idonsa.

Allah ya taimaki Lamido.

Mu ne talakawanka,
iyayen 'yan mata masu naƙasa na Yelwa, Garwa