Kuɗin bulo sun koma zane

Leeds, Ingila
Daren Laraba

Assalamu alaikum, Alhajin Kwari.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, musamman takwarana da har yau ba a faɗa mini ko ya fara tafiya ba. Ya kasuwa, ya zafi? Mu nan ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, ga yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya ɗaukewa.

Kiranka uku na gani. Saƙonka na murya mai minti bakwai ma na saurara har sau biyu. Kada ka ɗora wa aikin dare laifi, kunya ce ta hana ni ɗauka. Na zaɓi in rubuto ne don na san idan a waya ne ba zan kai ƙarshen magana ba za ka fara dariyar nan taka mai haɗe da tari. Akwai kuma tambayar da kai kaɗai za ka iya amsa mini, amma bari in fara sauke nauyin da ke kaina.

Ka sallami birkila ya kama wani aikin. Kuɗin katangar filin nan babu su. Ba a sace ba, ba kuma 'yan damfara suka yi mini wayo ba, wannan karon dai. Takarda na saya da su. Guda ɗaya, faɗinta bai kai rabin sallaya ba.

To, yi dariyarka ka gama, ina jira.

Abin ya samo asali ne daga hanyar da nake bi idan na taso daga asibiti da safe. A kudancin kogin Aire, cikin watan Nuwamba na 2023, aka kafa wani ƙaton fure mai tsayin sama da mita tara, jikinsa duk adon atamfa. Sunansa Hibiscus Rising, wato dangin zoɓo ne, ka ga ko a nan zoɓo bai bar ni ba. Na yi makonni ina wuce shi ina cewa Turawa dai ba su da aikin yi, sai ranar da na tsaya na karanta abin da aka rubuta. Ashe don tunawa da David Oluwale aka yi shi, mutumin Legas da ya ɓuya a jirgin ruwa ya sauka Hull a 1949, ya ƙare yana kwana a titunan Leeds, aka tsamo gawarsa daga wannan kogin a 1969. A 1971 kotu ta ɗaure 'yan sanda biyu saboda dukan da suka riƙa yi masa. Na tsaya a wurin da jakar abincina a hannu, bas biyu suka wuce ni. Ka san ni da zurfin ciki, amma ranar sai da na goge ido.

Wanda ya yi furen shi ne Yinka Shonibare. A Landan aka haife shi a 1962, ya tashi a Legas, ya koma Ingila yana saurayi. Yana ɗan shekara 18 wata cuta ta kama lakarsa ta shanye masa ɓarin jiki, yanzu a keken guragu yake, shi ke tsara aiki, mataimakansa su aiwatar. Abin da zai ba ka sha'awa, kai mai ƙirga turmi, shi ne yadda ya faɗa wa atamfa. Yana makarantar koyon zane wani malaminsa ya tambaye shi me ya sa ba ya yin aiki irin na Afirka tsantsa. Sai ya tafi kasuwar Brixton neman abin da ya fi komai kama da Afirka, ya sayo atamfa. Da ya bi salsalarta sai ya tarar rinin kaki ne na mutanen Indonesiya, 'yan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19, masaƙun Manchester ma suka shiga, kayan suka sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Kai ka san Vlisco, kamfanin atamfar Holan, a garin Helmond yake tun 1846, mu ne dai muke ce wa atamfar Holan da Ingila kullum ba mu taɓa tsayawa mun ji abin da bakinmu ke faɗa ba. Tun daga nan mutumin bai saki atamfa ba. Ya yi jirgin yaƙin Nelson, tsohon jagoran sojan ruwan Ingila, a cikin ƙatuwar kwalba, filafilansa duk atamfa, aka ɗora a dandalin Trafalgar na Landan a 2010, yanzu yana gidan tarihi a Greenwich. Na je na gani da yara lokacin hutu. Ya kuma naɗe littattafai sama da dubu shida da atamfa, aka buga sunayen baƙin da suka zo ƙasar nan da ruwan zinare a gadon bayan da yawa daga cikinsu. Ban ga sunana ba, na duba.

Af, kafin in manta. Gaskiya ne Dogo zai ƙara aure? Ƙanwar maman yara ce ta kawo mana labarin, har ta ce an fitar da anko kuma a shagonka ake saye. Mutumin da tun muna Zariya yake bina kuɗin katifa, ni kuma ina binsa na rediyo, ba wanda ya biya wani. Idan ya zo ɗaukar kayan lefe ka ƙara masa dubu biyar a kowane turmi ka ajiye mini, mun yi raba-gardama ke nan.

To, daga kallon fure sai cutar ta kama ni. Na fara da fosta-fosta na shagunan gidajen tarihi, fam goma sha biyar, ashirin. Sai na ga wani a intanet yana sayar da abin da ya ce bugu ne mai sa hannu, fam 180. Na biya ina murna na yi tsintuwa. Da na kai wa wata dattijuwa mai shagon firam a unguwarmu, ta ɗauko madubin ƙara girma ta miƙo mini, ba ta ce komai ba. Ina dubawa sai ga ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida, sa hannun ma da ɗigon aka yi shi. Fosta ce kawai. Mai kayan kuwa ya rufe shafinsa, ko ƙurarsa ban gani ba.

Dattijuwar nan ita ta zama malamata. Ta zaunar da ni ta haɗa mini shayi, irin nasu mai kama da ruwan wanke kofi, ta koya mini bambancin fosta da bugu na gaske. Shi bugu, mai zanen ne da kansa ya tsara shi don a buga. Wani a sassaƙa katako a shafa tawada a danna takarda, wani a tace launi ta cikin kyallen siliki, kowane launi da zubinsa. Idan ka karkata takardar a haske za ka ga tawadar ta hau ta zauna, wani lokaci har da sawun katakon. Ana buga adadi ƙayyadadde a tsaya. A ƙasa mai zanen zai rubuta lamba da fensir, misali 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin, ya sa hannu da fensir ɗin. Akwai kuma 'yan kaɗan masu alamar A/P, rabon mai zanen ne. Ta ce in riƙa tambayar wa ya buga, daga hannun wa ya fito, ina takardar ciniki ta farko. Na ce mata ai wannan duk mun sani a Kwari, kafin ka sayi Holan sai ka duba bakin zane da lamba. Ta yi dariya ta ce to me ya sa ban duba ba.

Wata uku da suka wuce sai ga bugun Shonibare a wani gidan gwanjo. Kada ka tuna gwanjon riguna, wannan na masu guduma ne. Ƙarami ne, bugun katako, tsuntsu a tsakiya, an yanka ƙyallen atamfa na gaske an liƙa a jiki. Na ce a turo mini hoton bayansa da rahoton lafiyar takardar, na kai wa malamata, ta gyaɗa kai. Ranar gwanjon na taso daga aikin dare ban runtsa ba, na zauna a kicin da kwamfuta. Na yi wa kaina alkawari ba zan wuce fam 1,200 ba. Wani da ban gani ba, wataƙila yana can yana kurɓar kofi a Landan, ya riƙa ɗorawa ina ɗorawa. Alhaji, ka san yadda kake ji idan ɗan Kwatano ya zo zai ɗauke dilar da ka riga ka taya? A 1,600 guduma ta sauka, ni ne.

Murnata ba ta kai la'asar ba. Takardar biya ta iso: la'adar gidan gwanjo kashi 25 cikin ɗari, fam 400. Harajin VAT a kan la'adar, fam 80. Sai wani kashi 4 cikin ɗari, fam 64, wanda dokar ƙasar nan ta ce a ba mai zanen duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun dillali daga fam dubu zuwa sama. Wannan kam ban ji haushinsa ba, ka yi tunanin a ce duk hular da aka sake sayarwa sai an aika wa wanda ya ɗinka ta wani abu. Jimla 2,144. Firam da gilashi mai tare hasken rana da kwalin da ba ya cin takarda suka cinye wasu 260. Kada ka je Wapa ka tambayi canji, na riga na lissafa, na san tifa nawa ce ta yashi.

Maman yara 1,600 ta sani, sauran tsakanina da kai ne. Ta tsaya gabansa ta riƙe ƙugu ta ce, "Wannan ƙyallen ko ɗankwali bai isa ba." Ta ce shekara goma sha ɗaya tana cewa in saya mata zane, ashe ban gane wane zanen take nufi ba. Sai da na yi alkawarin Holan biyu kafin aka ba ni tuwo. Ka zaɓo masu kyau, ba ta son ruwan goro.

Malaminmu na karatun Asabar ma na kai masa maganar, saboda tsuntsun. Na yi ƙoƙarin kare kaina da cewa yawancin mutum-mutumin Shonibare ba su da kai, haka yake yin su. Malam ya ce to shi tsuntsun naka fa? Na yi shiru. Ya ce dai kada in rataye shi a inda muke salla. Yanzu yana saman bene a lungu, bangon da rana ba ta bugu. Ga shi gidajen Leeds da danshi, funfuna ba ta raina bangon waje, sai da na sayi injin tsotse raɓa. Ni da ko takardun makarantata a leda suke ƙarƙashin gado.

Na san abin da ke bakinka: riba nawa? Gaskiya ban sani ba ko akwai. Yau in na mayar da shi gwanjo, za su yanki la'adar mai sayarwa, wanda ya saya kuma ba zai biya ni VAT ɗina ba. Masu cewa zane jari ne labarin David Hockney suke ji, ɗan Bradford nan maƙwabtanmu, wanda aka sayar da zanensa guda dala miliyan 90.3 a New York a 2018. Irin wannan kamar labarin wanda ya sayi fili a Abuja tun tana daji ne, kowa ya san shi, ba wanda ya zama shi. Ka gode wa Allah ma ban bi Chris Ofili ba, ɗan Manchester mai asali da Najeriya, da ya ci kyautar Turner a 1998 da zane-zanen da yake liƙa wa kashin giwa. Da yanzu ina roƙonka ka aika yaro Yankari.

Maganar Hockney ta tuna mini. Akwai wata tsohuwar masaƙa a Saltaire, minti goma sha biyar daga nan a jirgin ƙasa, Titus Salt ya gina ta a 1853. Ta daina saƙa a 1986, shekara ɗaya bayan haka wani ya saye ta ya cika ta da zanen Hockney da shagunan littattafai da wurin cin abinci. Ginshiƙan ƙarfen suna nan, tagogin suna nan. Ina shiga sai Kakuri ta faɗo mini, da Baba, Allah ya jiƙansa, yana dawowa a keke da auduga a gashin kansa, mu biyu muna rige-rigen karɓar ledar burodi. Zuwana na ƙarshe da muka bi ta gaban masaƙun nan ka ce in daina kallo. Su nasu masaƙun sun mutu kamar namu, amma sun sami abin zubawa a ciki. Duk sanda na hau bene na ga ɗan ƙyallen nan a bayan gilashi, wanda ya taso daga wata duniya, aka buga a wata, aka yi ado da shi a tamu, ya ƙare a bangon ma'aikacin jinya Bakano a Leeds, sai in ji kamar ɗan'uwana ne muka haɗu a tasha. Shi ya sa ko da ka gama zagina ba zan ce na yi nadama ba.

Katanga kuwa sai bayan babbar salla in Allah ya kai mu. Na shiga adashi da 'yan Gana na wurin aikinmu, ɗaukata ta biyar. Kafin nan ka sa yaron shagonka ya riƙa leƙa filin, ka san halin maƙwabcin nan na gabas da matsar da turaku. Kada Hajiya Babba ta ji komai. Idan ta tambaya ka ce siminti ne ya tashi, ai ba ƙarya ka yi ba.

Akwai wani gwanjon a watan gobe. Kallo kawai zan yi.

Ka gaida kowa da kowa, ka shafa mini kan takwara. Kilishin da ka aiko da shi ta hannun ango bai tsallake filin jirgi ba, kada ka sake wahalar da kanka.

Naka har kullum,
Baturen Fagge

Na rufe sai na tuna ban yi tambayar ba. Zan turo maka hoton ƙyallen a WhatsApp: shuɗi ne da rawaya, da wasu zagaye kamar faifai. Wace atamfa ce, wane suna mata suke kiranta da shi a Kwari, kuma Holan ce ko 'yar China? In 'yar China ce kada ka faɗa mini.