A Gyara Tsofaffin Ajiyoyi Kafin A Ɓoye Sababbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu wasan jiyokashin (geocaching) a yankinmu, da ma waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba.

Wasa ne na ɓoyo da nema. Mutum zai sami ɗan akwati ko kwalba mai murfi, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya ɓoye, sannan ya sanya lambobin GPS na wurin, wato lambobin da ke nuna daidai inda wuri yake a taswira, a shafin Geocaching.com. Mai nema ya bi lambobin da wayarsa, ya gano ajiyar, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar. Abin ya faro ne a watan Mayun 2000, da gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS da gangan. Ranar 3 ga watan Dave Ulmer ya ɓoye wani bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobinsa a intanet. Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3 a faɗin duniya.

Damuwata ita ce, taswirar yankinmu tana nuna ajiyoyi, amma da dama daga cikinsu suna kawai suka rage. Wata murfinta ya tsage, ruwa ya shiga, takardar ta ruɓe. Wata kuma babu ita babu dalilinta, mai ita ya ƙaura ko ya daina leƙa shafin. Mu da muka saba, sai mu wuce ta gaba. Sabon shiga fa? Uba ya kwaso 'ya'yansa da ɗoki, sun duba ƙarƙashin kowane dutse, sun koma gida hannu rabbana. Ba zai ce ajiyar ce ta ɓace ba, cewa zai yi wasan ba nasa ba ne, kuma da wuya mu sake ganinsa. Wannan asarar ta fi ci mini rai.

Dokar wasan a fili take: wanda ya ɓoye, shi ke da alhakin kulawa. In wani uzuri ya taso, akwai damar dakatar da ajiya na ɗan lokaci har a gyara. In kuwa mutum ya gaji, ba laifi ba ne, sai ya miƙa ta ga wani ya ci gaba da riƙo, ko ya rufe shafinta ya je ya ɗauke akwatinsa. Kada a manta, dole a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Ke nan duk matacciyar da aka bari a taswira ta tare wuri, mai sha'awar ɓoye sabuwa a nan ba shi da hali. Ba ta yi amfani ba, ta kuma hana a yi.

Mu masu nema ma da namu. Da yawa suna jin nauyin rubuta a shafin cewa sun nema ba su samu ba, kamar wani abin kunya. Ai wannan rubutun ne ke ankarar da mai ajiya da 'yan sa-kai masu tantance ajiyoyi a shafin cewa akwai matsala. A rubuta, don Allah. In an tarar da lalacewa, a sa alamar neman gyara a shafin, a faɗi abin da aka gani. Busasshiyar takarda da fensir da 'yar leda ba sa cika aljihu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya rasa ajiya ya dasa wata a madadinta ba da sanin mai ita ba, domin sau tari ta asalin tana nan, idonsa ne bai kai ba.

Masu niyyar ɓoye sabuwa kuma, ku nemi izinin mai wuri, ku rubuta a jikin akwatin ko mene ne, don kada ya tayar wa kowa da hankali. Ba a haƙa rami, ba a sa abin ci, ba a kusantar makarantu ko wuraren tsaro. Ku zaɓi wurin da ya cancanci a kai baƙo, kuma wanda ƙafarku za ta riƙa zuwa.

Shawarata mu tsayar da rana guda a wata, mu raba tsofaffin ajiyoyin a tsakaninmu mu zagaya su, mu haɗa da kwashe shara a hanya kamar yadda masu wasan ke yi tun 2002. Kowa ya zo da mutum ɗaya da bai taɓa gwadawa ba, a fara masa da mai sauƙi wadda aka tabbatar tana nan. Ni dai na ɗauki nauyin tattara jerin waɗanda aka daɗe ba a gano ba, zan kawo shi zaman farko.

Na gode.

Daga mai karanta jaridarku a kullum.