A Bar Wa Mai Karayar Arziki Gidansa Da Motar Neman Abincinsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan halin da mutum ke shiga idan bashi ya fi ƙarfinsa. Wani maƙwabcina a Tudun Wada, ɗan kasuwar Sabon Gari, jarinsa ya karye bara, kuma a gaban idona masu bin sa bashi suka ja motar da yake ɗaukar fasinja zuwa Samaru, yaransa na tsaye a bakin zaure da kayan makaranta. Yanzu kuma gidan ake shirin sa wa kuɗi.

Dokar karayar arziki ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1979, ta kare kayan sana'a da tufafi da shimfiɗa, amma ba ta kare gidan zama ba. A Amurka kuwa, wanda ya shigar da ƙara a ƙarƙashin Babi na 13 na dokar karayar arzikinsu yana iya riƙe gidansa da motarsa muddin yana biya bisa tsarin da kotu ta amince da shi na shekara 3 zuwa 5, kuma jihohi irin su Texas da Florida suna ba gidan zama kariya mai ƙarfi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Don haka ina kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da su gyara dokar nan, a bar wa irin maƙwabcina matsuguninsa da motar da zai biya bashin da ita.

Mai karatunku,
Tudun Wada, Zariya