Wasiƙa Daga Agege Kan Karatun 'Yarka

Agege, Legas

Zuwa ga aminina, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukan mutanen Katsina. Yaya ƙarfin jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya tsare mu. Yau kwana uku rana ba ta leƙo sosai ba, kwatocin unguwa duk sun cika sun tumbatsa.

Na san za ka ce me ya hana in buga waya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya. So nake ka karanta a natse bayan ka taso daga makaranta, ka ba ni amsa irin ta malami kuma irin ta uba, domin 'yarka abin ya shafa.

Ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, sakamako ya yi kyau, alhamdu lillahi. Sai makaranta ta aiko da takarda a zaɓi ɓangaren da za ta shiga, ko kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Na dawo daga kasuwar Mile 12 a gajiye, ko zama ban yi ba na karɓi biro na zaɓi kimiyya na sa hannu. Ban tambaye ta ba. Ka san abin da ke raina tun daren da muka kai mahaifiyarta asibiti haihuwar ƙaninta, muka rasa likita mace, muka rasa ko mutum ɗaya mai jin Hausa da za ta yi wa bayanin inda ke mata ciwo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, tun ranar na ƙudurta a zuciyata in Allah ya raya yarinyar nan likita za ta zama. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ce, "To, Baba," ta shige ɗaki. Kwana biyu ban ji muryarta a tsakar gida ba.

Abin ya ɗaure min kai, domin yarinyar tana son kimiyya, na gani da idona. Wata rana da yamma na same ta a baranda ta jera kofunan gilashi uku, kowanne da ruwan zoɓo da ba a sa wa sukari ba. Ta matsa lemon tsami a na farko, jansa ya ƙara haske kamar garwashi. Na biyu ta bar shi yadda yake. Na uku ta jiƙa 'yar kanwa ta ɗiga a ciki, ina kallo launin ya juye ya koma duhu mai ratsin kore. Mahaifiyarta na faɗan ana ɓarnar kanwa, ita kuwa tana yi min bayani cewa a cikin zoɓon akwai sinadarin da ke nuna ko abu mai tsami ne ko kishiyarsa, kuma irin aikin da wata takarda ke yi ke nan a ɗakin gwaji na makaranta. Shekara nawa muna shan zoɓo, muna cin kanwa a wake, ban taɓa sanin akwai wannan magana a tsakaninsu ba.

To mai wannan sha'awa me zai sa ta yi shiru? Da na zaunar da ita na lallaɓa, sai ta ce ba kimiyyar take gudu ba. Abin da ke damunta shi ne ranar da ta shiga wancan aji ta yi sallama da tarihi, da adabi, da zane. Ta ce, "Baba, me ya sa sai an ce ɗaya?" Wallahi Malam ban sami abin ce mata ba.

Kai ka fi ni sanin tsarin. WAEC ba a wuce darasi tara, JAMB kuwa huɗu ne har da Turanci. Mai son likitanci dole ya riƙe fiziks da kimistiri da bayoloji, mai son lauya dole ya riƙe adabin Turanci. Ban ce babu hikima a ciki ba, taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Amma yaro ɗan shekara 14 ko 15 ake sa wa wannan zaɓi, galibi ma uban ne ke yi masa, kamar yadda na yi. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake kallon ajin adabi a matsayin matattarar waɗanda suka kasa lissafi. Iyaye na faɗa, har wasu malamai na faɗa a gaban yaran.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na bar wa yarona rumfa na ce ta shirya mu fita. Muka hau gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, ta fi kilomita 11 a kan ruwa. Na nuna mata ginin Jami'ar Legas can bakin ruwa a Akoka, da gidajen katako na Makoko a kan turaku. Muka sauka Onikan, gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda ke nan tun 1957. Shekarata ashirin da wani abu a garin nan, sai ranar na taka ƙafata ciki.

Akwai motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, baƙar Marsandi, da hujojin harsashi a jikinta har yau. Na tsaya na yi masa addu'a. Ita kuwa sai ta ce ta san sunan ne a filin jirgin sama na Ikeja, amma ba ta san mutumin Kano ba ne, ba ta san wata shida da 'yan kwanaki kawai ya yi yana mulki ba, ba ta san a zamaninsa aka yanke shawarar mayar da babban birni Abuja ba. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a aji ke nan. Ban ga laifinta ba, ai ka tuna an yi shekaru an cire tarihi daga ƙananan azuzuwa kafin a dawo da shi.

Inda ta fi daɗewa shi ne gaban kawunan Nok, waɗannan na yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin Kaduna, sun haura shekara 2000 a duniya. Ta ciro littafinta ta zana idon ɗaya daga ciki, mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ta zana kitson kan. Tana zanen tana tambayata yadda aka yi suka gasa yumɓu mai wannan girma bai tsage ba, da irin ƙasar da suka cakuɗa. A hanyar dawowa kwandasta ya ba mu canji da murtala guda. Ta juya bayanta ta nuna min Ladi Kwali, maginiyar tukwane, zaune tana aikinta. Ta ce, "Baba dubi, gaba soja, baya mai tukunya, duk a takarda ɗaya." Na riƙe naira ashirin ɗin nan ban kashe ta ba, tana cikin aljihun gaban rigata.

Tun daga ranar nake duban sana'ata da wani ido. Kayan gwari muke sayarwa, amma wane darasi ne babu a ciki? Tumatirin da aka loda a Kadawa ko Kura zai yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya iso mana, kwando a kan kwando, cikin zafi. Ita ta gaya min cewa nunannen tumatir yana fitar da wata iska da ke gaggauta nunar na kusa da shi, shi ya sa kwando ɗaya ke jawo mana asarar goma in tirela ta kwana a hanya. Ka tuna 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna, kwando ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba? Maganin wannan sai masanin ƙwari. Sanin dalilin da ya sa kaya ke araha da rani su yi wuta da damina kuwa labarin ƙasa ne da ilimin tattalin arziki. In rikici ya tashi a kasuwa tsakanin 'yan dako da masu babur, har ya nemi ya koma na ƙabila, wanda ke kashe wutar shi ne dattijon da ya iya Yarabanci, ya san yadda ake gaida babba a wajensu, ya san cinikin goro ne ya zaunar da kakanninmu a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, ba jiya muka zo ba. Na ga ranar da baki ɗaya irin wannan ya ceci rayuka, abin da motar 'yan sanda ba ta yi ba.

Yanzu ga inda ya fi yi min ciwo. Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar nan, kuma ni na yaba musu, mutanen da suka san darajar harshensu ne. 'Yarka tana karanta Yarabanci da duk alamomin da ke bisa haruffa ba ta tuntuɓe. Hausa fa? Makarantarsu babu malamin Hausa ko ɗaya. Tana ji, tana yi, amma gauraye da Yarabanci da broka. Na ba ta wata tsohuwar takarda ta karanta min, ta kasa raba ƙ da k, ta karanta ƙafa kamar kafa, ɓata kamar bata. Na yi mata karin magana, na ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ta yi murmushi ta ce in fassara mata. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Likitar da nake mafarki, wadda za ta saurari tsohuwa Bahaushiya, in an ce mata "ciki ne ke murɗa min" ko "jiri ke ɗibata" ko "abin ya tsaya min a ƙahon zuci", da wane kunne za ta ji?

Na tuna labarin da ka ba ni muna zaune a ƙofar gidanku, na Muhammadu al-Kashinawi, malamin garinku da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi. Na zana mata gida tara na ce ta zuba ɗaya zuwa tara yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da 15. Kafin in gama alwala ta kawo min, biyar a tsakiya. Da na ce mata Bakatsine ne ya yi fice a wannan fanni kusan shekara 300 da suka wuce, kuma malamin addini ne, sai ta zaro ido. Na ƙara mata da Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajinta ƙauyuka suna karantar da mata. Waɗannan ba wanda ya miƙa musu takarda ya ce su zaɓi ɓangare ɗaya.

Ga inda muka tsaya. Na koma makarantar na karɓo sabuwar takarda na ajiye a gabanta, na ce ta zaɓa da hannunta, duk abin da ta zaɓa na yarda har zuciya. Ta kwana da ita, da safe ta zaɓi kimiyya, amma da sharaɗi, kuma na amsa. Za ta ɗauki labarin ƙasa cikin darussan zaɓi. Daren Juma'a da na Asabar bayan isha'i na Hausa ne da tarihi, ni da ita da ƙannenta, a kashe talabijin. Littafin zanenta kuma ba mai taɓa mata shi. Kakarta ta nuna damuwa kan zanen mai rai, shi ya sa yanzu ta fi karkata ga zayyana irin ta bangon gidajen Kano da Zariya, da dagi, da aikin wuyan riga. Akwai wani maɗinki a layinmu da ya ce ta riƙa zuwa tana ganin yadda ake fitar da aska takwas.

Abin da nake roƙo a wajenka uku ne. Ka samo min littattafan Hausa daga na masu koyo har zuwa waɗanda ake yi a babbar sakandare, na zube da na waƙa da na wasan kwaikwayo, ko tsofaffi ne ba komai, da na ƙa'idojin rubutu, domin ni kaina ina bukatar in gyara hannuna kafin in gyara nata. Sannan ka bincika min ko za ta iya zama jarrabawar Hausa daga waje, irin wadda ake yi ƙarshen shekara, tunda makarantarsu ba ta yi. Na ƙarshe, ka rubuto mata wasiƙa ita kanta, da Hausa, da hannunka, ka sa mata tambayar lissafi ɗaya da karin magana ɗaya. Maganarka tana da nauyi a wajenta, kullum tana cewa Baban Katsina ya ce.

Direban da ke kawo mana kaya daga Ɗanja zai juyo ranar Laraba mai zuwa, na ba shi lambarka. Zai kawo maka goro da kwakwa da ɗan man ja na uwargida, in littattafan sun samu sai ka ba shi, ka naɗe su a leda saboda ruwa. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara ina so in turo ta ta yi sati uku a wajenku, ka kai ta ta ga hasumiyar Gobarau.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina nan tafe. Mahaifiyar yara tana gaida uwargida, 'yarka kuma ta ce a gaishe ka da babbar murya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Agege