Sunan yaron Ɗahiru ne, ba ÆŠahiru ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu rubuta manhaja.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Funtuwa, kuma ni na haɗa musu 'yar manhajar da ke fitar da sakamakon jarrabawa. Ranar raba takardu, ƙarshen zangon da ya wuce, wani dattijo ya shigo ofis, ya shimfiɗa mini takardar ɗansa a kan tebur, ya ce, "Malam, wannan ɗan wane ne? Ni dai Ɗahiru na raɗa wa nawa." Na duba. ÆŠahiru aka buga. Can ƙasa, inda malamar aji ta rubuta "Yana ƙoƙari", abin da ya fito shi ne "Yana Æ™oÆ™ari". Na rasa inda zan sa kaina.

Malamar ba ta yi kuskure ba, kibod ɗinta ma lafiyarsa lau. Ni na yi sakaci. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ba kowane harafi lambarsa mai suna ASCII, da Amurkawa suka fito da shi a 1963, gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Da aka faɗaɗa zuwa 256, Faransanci da Jamusanci da ire-irensu aka duba. Sai a Unicode, wanda ya fito a 1991, baƙaƙenmu masu lanƙwasa suka sami tabbataccen mazauni: lambar ƙ ita ce U+0199. Idan za a adana ta da UTF-8, wato tsarin ajiye Unicode a fayil, lamba biyu take zama, C6 da 99. To ni kuma na kwashe sunayen a fayil na CSV, Excel ya buɗe shi da tsohon tsarin Windows-1252, ya karanta kowace lamba daban. C6 a wurinsa Æ ne, 99 kuwa ™. Harafi ɗaya ya haifi 'yan biyun da ba su san juna ba.

Wannan ma da sauƙi, domin rubutun na nan bai lalace ba, karatun ne ya karkace. Na sa manhajar ta riƙa liƙa alamar UTF-8 a farkon fayil don Excel ya gane tsarin, shi ke nan. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce alamar tambaya. Tsohon rumbun bayanan makarantar MySQL ne na kafin siga ta 8.0, wanda idan ba ka ce komai ba latin1, tsarin da babu baƙaƙenmu a cikinsa, yake zaɓar maka. Duk ƙ da ta shiga can sai ta koma ?, kuma ta tafi ke nan, babu dabarar da za ta dawo da ita. Da hannu ni da sakataren makaranta muka bi rajista muna gyarawa har aka kira isha'i.

Wani abokina, shi ma sana'armu ɗaya, cewa ya yi, "Kai ma da neman aiki. Cire lanƙwasar kawai, ai kowa zai gane." Na ce masa to ya rubuta wa iyaye a sa wa yara takunkumi saboda kura. Ko ya gayyaci baki walima. Ya yi dariya, amma na san bai sauya ba. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da waɗannan baƙaƙe, lokacin da kowane harafi sai an zuba shi da dalma. Ashe mu da ke da kibod ɗin waya na Gboard a aljihu, wanda daɗe danna k kawai ke fito da ƙ, mu ne za mu ce abin ya gagara?

Wuri ɗaya ne na yarda yana da hujja, wato tes. Saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ɗ guda ta shiga, sai ya koma 70. Sanarwar da a da take tafiya a saƙo ɗaya sai ta zama uku, kuma mai makaranta ne ke biya. Da ya kira ni a kan haka ban yi musu ba. Na taƙaita saƙon, na bar suna daidai.

Akwai kuma su Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u. Wannan ɗan waƙafin sama da ke tsakiyar sunansu ya isa ya kayar da manhajar da aka rubuta da garaje, shi ya sa wasu fom ke ce wa mutum sunansa ba daidai ba ne. Sunan da aka yanka wa rago!

Kai ma Edita, na san wannan ciwo bai bar ɗakinku ba. Har yanzu ana turo rubutu da tsofaffin font ɗin nan da suka ari q da x da v, wanda idan ya bar kwamfutar mai shi sai ka ga qasa da xaya da vata. Don Allah ku riƙa neman masu turo muku su yi da Unicode, ko don mai neman tsohon labari ya rubuta "Ƙanƙara" ya same shi.

Yanzu kafin in miƙa kowane aiki, sai na buga "Mu'azu ɗan Ƙanƙara ya ɓata" a fom, in bi shi rumbu, in fitar da shi a Excel, in buga a takarda. Dattijon nan kuwa ya dawo washegari na ba shi sabuwa. Ya sa tabarau ya bi sunan da yatsa, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa Ɗahiru ya faɗi lissafi.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Funtuwa